LAMBA 2,147,483,647 DA IRINTA

A darasinmu na wannan wata za mu duba lamba guda ɗaya tak. Ga ta: 2,147,483,647. In za mu faɗe ta da baki, sai mu ce miliyan dubu biyu da ɗari da arba'in da bakwai, da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku, da ɗari shida da arba'in da bakwai. Da mutum zai zauna ya ƙirga ta ɗaya ɗaya, kowane sakan guda, ba ci ba barci, sai ya shekara 68 kafin ya gama.

Amma ba domin girmanta mu ka zaɓe ta ba, gama akwai lambobi da yawa da su ka fi ta nesa. Mun zaɓe ta domin masana lissafi sun sa ta cikin aji uku, ta kuma haifi wata lamba mai aji na huɗu. Za mu bi waɗannan azuzuwa ɗaya ɗaya, mu ga kuma yadda aka tabbatar ta cancanci zama a ciki. Mai karatu ya nemi takarda da fensir, domin yawancin abin da za mu faɗa yana iya gwada shi da kansa.

INDA TA FITO

A ce mutum ya ɗauki lebura aikin watan Janairu, mai kwana 31, su ka shirya za a biya shi da ƙwayar gero. Rana ta fari ƙwaya 1. Rana ta biyu 2. Rana ta uku 4, ta huɗu 8, ta biyar 16. Kowace rana ana ninka ladan jiya. A rana ta goma zai karɓi 512. A rana ta ashirin 524,288. A rana ta ƙarshe 1,073,741,824. In aka tara dukan abin da ya karɓa cikin watan, jimlar ita ce lambarmu, 2,147,483,647, ba ragi ba ƙari.

Bari mu duba jimlar kwanakin farko. Jimlar kwana 2 ita ce 3. Ta kwana 3 ita ce 7. Ta kwana 4 ita ce 15, ta kwana 5 kuwa 31, ta kwana 6 ita ce 63, ta kwana 7 ita ce 127. Kullum jimlar takan kasa ladan gobe da ƙwaya ɗaya.

Masu lissafi suna da gajeren suna domin waɗannan jimloli. Sukan rubuta harafin M, sa'an nan yawan kwanakin. Watau M3 ita ce 7, M5 ita ce 31, lambarmu kuwa M31. Da wannan suna za mu riƙa kiranta, domin mu huta da rubuta alƙaluma goma.

AJI NA FARI: LAMBA MARAR RABUWA

Wanda ya ke da goro 12 yana iya raba shi daidai ga mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6. Wanda ya ke da goro 13 fa? Ko yaya ya yi sai an sami saura. Ba abin da zai yi sai ya ba mutum ɗaya duka, ko kuwa ya nemi mutum 13 ya ba kowa ɗaya. Irin wannan lamba, wadda ba mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta, ita mu ke kira marar rabuwa. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31. Ba a lissafa 1 a cikinsu.

Waɗannan su ne tubalin dukan lambobi, gama kowace lamba mai rabuwa da su aka gina ta. Misali, 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, ba kuwa wata hanya dabam ta gina ta. Euclid, masanin Helenawa da ya koyar a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, ya nuna cewa marasa rabuwa ba su da iyaka. Ko yaya wadda mu ka sani ta kai girma, akwai wata a gabanta.

M31 tana cikin wannan aji. In aka jera marasa rabuwa tun daga 2, ita ce ta 105,097,565 a jerin. Waɗansu marasa rabuwa sukan zo tagwaye, 2 kaɗai ke tsakaninsu, kaman 11 da 13, ko 29 da 31. M31 ba ta da tagwai. In mun ɗebe 2 daga cikinta, abin da ya rage yana ƙarewa da 5, saboda haka 5 tana raba shi. In mun ƙara 2, alƙalumansa sukan taru su ba da 48, saboda haka 3 tana raba shi.

AJI NA BIYU: LAMBAR MERSENNE

Harafin M ɗin nan daga sunan Marin Mersenne ya fito. Shi fada ne na Katolika a Faransa, an haife shi a 1588, ya rasu a 1648. Daga ɗakinsa a birnin Faris ya ke musayar wasiƙu da manyan masana na zamaninsa. Jimlar da ta fito marar rabuwa, ita ake kira da sunansa.

Ba kowace jimla ke fitowa haka ba. Ga doka ta fari: in yawan kwanakin yana rabuwa, jimlar ma za ta rabu. Mu gwada da kwana 6. Mu kasa su kashi biyu, uku uku. Kashi na fari 1 da 2 da 4, watau 7. Kashi na biyu 8 da 16 da 32, watau 56, wato 7 sau 8. Tun da ya ke 7 tana raba kowane kashi, lalle ta raba jimlar: 63 ita ce 7 sau 9. Haka zai faru da kwana 4, da 8, da 9, da 10, da duk irinsu.

To, sai mutum ya ce, ashe in yawan kwanakin ba ya rabuwa, jimlar ma ba za ta rabu ba ke nan. M2, M3, M5 da M7 duka sun goyi bayan wannan zato. Amma M11 ta karya shi. M11 ita ce 2,047, ita kuwa 23 sau 89 ce. Mai karatu ya ninka ya gani.

A nan ne manyan mutane su ka yi tuntuɓe. Pietro Cataldi, mutumin Italiya, ya tabbatar a 1588 cewa M17, watau 131,071, da M19, watau 524,287, ba su rabuwa. Ya yi wannan da aikin rabawa na gaske, ya kuwa yi daidai. Amma ya ƙara da cewa M23, M29, M31 da M37 ma haka su ke, ba tare da ya gwada su sosai ba. A 1640 Pierre de Fermat na Faransa ya nuna 47 tana raba M23, 223 kuma tana raba M37. Daga baya aka ga 233 tana raba M29. Cikin huɗun nan, ɗaya kaɗai ta tsira.

A 1644 Mersenne ya buga nasa jeri. Ya ce kwanakin da ke ba da marar rabuwa, har zuwa 257, su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Shi ma bai kawo hujja ba. Yau mun sani ya yi kuskure biyar: 67 da 257 ba su cancanta ba, ya kuma tsallake 61, 89 da 107.

Mutum biyu ke nan su ka ce M31 ba ta rabuwa, maganarsu kuwa gaskiya ce. Amma Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Da bakin da su ka faɗi daidai, da shi su ka faɗi kuskure, ba kuwa yadda mai ji zai bambanta. Saboda haka M31 ta zauna a bakin ƙofa shekara 128 bayan jerin Mersenne, tana jiran wanda zai gwada ta.

YADDA EULER YA GWADA TA

Wanda ya yi aikin shi ne Leonhard Euler, ana faɗar sunansa kaman Oila. An haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1707, ɗan fasto ne. A 1772 yana zaune a birnin St. Petersburg na Rasha, yana da shekara 65, idanunsa duka biyu sun kusa mutuwa sarai. 'Ya'yansa da mataimakansa su ke rubuta abin da ya ke faɗa musu. A wannan shekara ya aika wa wani masani na gidan Bernoulli wasiƙa, ya ce ya tabbatar M31 ba ta rabuwa.

Ta yaya? Da zai raba ta da kowace lamba da ke ƙasa da ita, da ransa da na jikokinsa ba su isa ba. Sai ya rage aikin da dabara, mataki mataki.

Mataki na fari. Ba dole a gwada har ƙarshe ba. Mu ɗauki 97. Tun da ya ke 10 sau 10 ya wuce 97, in akwai lambobi biyu da za a ninka su ba da 97, lalle ɗayarsu ta kasa 10. Sai mu gwada 2, 3, 5 da 7 kaɗai. Ba wadda ta raba ta, shi ke nan, 97 marar rabuwa ce. Ga M31 kuwa, 46,341 sau 46,341 ya ba da 2,147,488,281, ya wuce ta. Saboda haka gwaji zai tsaya a 46,340. Marasa rabuwa da ke ƙasa da wannan sun kusa 4,800. Aikin ya ragu ƙwarai, amma da sauran nauyi.

Mataki na biyu, dokar da Fermat ya gano. Duk marar rabuwa da za ta raba irin wannan jimla, sai ta zama ninkin kwanakin, sau wani abu, a ƙara 1. Mu duba M11. Ninkin 11 shi ne 22. Ga 23, watau 22 da 1. Ga 89, watau 22 sau 4 da 1. Mu duba M23: ninkin 23 shi ne 46, mai raba ta kuwa 47. Ga M31, ninkin 31 shi ne 62. Saboda haka waɗanda za a gwada su ne 63, 125, 187, 249, 311, 373, haka haka, ana ƙara 62 kowane taki.

Mataki na uku, na Euler kansa. Mai rabawar dole ta zauna dab da wata lamba da 8 ke rabawa, ko ta fi ta da 1, ko ta kasa ta da 1. Ga 23 kusa da 24, 89 kusa da 88, 47 kusa da 48, 233 kusa da 232. Wannan doka ta kori rabin waɗanda su ka rage. 125 da 187 sun fita, 373 ma ta fita. 63 ta cika dokar, amma ita 7 sau 9 ce, ba ta cikin lissafi. Abin da ya saura har zuwa 46,340 bai wuce lamba 372 ba, yawancinsu ma masu rabuwa ne, ana iya tsallake su, kaman 249 da ta ke 3 sau 83.

Gwaji na fari na gaske shi ne 311. In mun raba 2,147,483,647 da 311, za mu sami 6,905,092, saura 35. Ba ta raba ba. Haka aka bi sauran ɗaya ɗaya har aka kai ƙarshe, kowace ta bar saura. Sa'an nan ne M31 ta shiga aji, ta zama ta takwas cikin lambobin Mersenne: 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287, 2,147,483,647. A zamanin Euler ba a san wata marar rabuwa da ta fi ta girma ba, haka kuwa ta zauna shekaru da yawa bayan rasuwarsa a 1783.

AJI NA UKU: MERSENNE RIƁI BIYU

Mai karatu ya lura 31 ta fito sau biyu a darasin nan. Ita ce yawan kwanakinmu, ita ce kuma M5, jimlar kwana 5. Watau M31 lambar Mersenne ce, yawan kwanakinta ma lambar Mersenne ne. Irin wannan ita ake ce wa riɓi biyu, kaman sarkin da ubansa ma sarki ne.

Huɗu kaɗai aka sani. M3, watau 7, gama 3 ita ce M2. M7, watau 127, gama 7 ita ce M3. Sai M31 tamu. Ta huɗu ita ce M127, mai alƙaluma 39. Wanda ya ga huɗun nan a jere yana iya zaton haka za a ci gaba. Amma da aka gwada da kwana 8,191, da 131,071, da 524,287, da 2,147,483,647, jimlolin duka huɗu sun fito masu rabuwa. Zato ya sake faɗuwa a gaban gwaji.

AJI NA HUƊU: KAMILAR LAMBA

Mu ɗauki 6. Masu raba ta, ban da ita kanta, su ne 1, 2 da 3. In aka tara su, 6 ce ta komo. Haka 28: 1 da 2 da 4 da 7 da 14 sun ba da 28. Helenawan dā sun kira irin wannan kamilar lamba, sun san huɗu: 6, 28, 496 da 8,128.

Euclid ya nuna hanyar samunsu. In jimlar kwanakin ta fito marar rabuwa, a ninka ta da ladan rana ta ƙarshe. Kwana 2: jimla 3, ladan ƙarshe 2, an sami 6. Kwana 3: 7 sau 4, an sami 28. Kwana 5: 31 sau 16, an sami 496. Kwana 7: 127 sau 64, an sami 8,128. Euler ya cikasa maganar, ya nuna duk kamilar da 2 ke rabawa ta wannan hanya kaɗai ta ke fitowa. Kowace lambar Mersenne tana da kamilarta guda.

Saboda haka ranar da aka tabbatar da M31, an sami kamila ta takwas: 2,147,483,647 sau 1,073,741,824, watau 2,305,843,008,139,952,128.

MENE NE AMFANINTA?

A 1811 wani Bature na Ingila, Peter Barlow, ya rubuta littafin lissafi. A ciki ya nuna ra'ayinsa cewa da wuya a sami wanda zai nemi kamilar da ta wuce wannan, domin abin sha'awa ne kawai, ba shi da amfani. Shi ma zato ya yi, ya kuwa faɗi ta gefe biyu.

Gefe na fari, mutane ba su daina nema ba. A 1876 Édouard Lucas na Faransa ya sami sabuwar hanyar gwaji, ya tabbatar da M127 da hannu. A 1903 Frank Nelson Cole na Amurka ya nuna M67 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. A 1952 aka fara samun lambobin Mersenne da kwamfuta, ta farko M521. A watan Oktoba 2024 Luke Durant ya sami ta 52 cikin waɗanda aka sani, mai kwana 136,279,841. Alƙalumanta sun kai 41,024,320.

Gefe na biyu, M31 ta shiga aikin duniya. Kwamfuta tana ƙirga ne kaman da jerin fitilu, kowace a kunne ko a kashe. Fitila ta fari darajarta 1, ta biyu 2, ta uku 4, daidai da ladan leburanmu. An saba ba lamba guda fitila 32. Ɗaya tana nuna ko riba ce ko bashi, sauran 31 na ƙirga. In aka kunna 31 ɗin duka, jimlar ita ce M31. Nan ne iyakar mudun. In aka ƙara 1, sau da yawa lissafin yakan juye ya zama bashin 2,147,483,648.

Wannan ba wasa ba ne. Na'urori da yawa suna riƙe lokaci ta ƙirga sakan tun daga farkon 1 ga Janairu 1970. Mun riga mun ce M31 sakan shekara 68 ne. Mudun zai cika ran 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijeriya da Nijar. Na'urar da ba a gyara ba tana iya komawa ta ce ana cikin Disamba 1901. Domin haka ake mai da na'urori masu fitila 64, ana kuma neman tsofaffin da su ka rage a gyara su kafin ranar.

A wannan aiki rashin rabuwarta ba shi ne dalili ba, ninki ne ya kawo ta. Amma akwai inda rashin rabuwar ke aiki. Wani lokaci ana bukatar kwamfuta ta fid da lambobi barkatai, kaman ƙuri'a. Ga wata dabara. Mu fara da 1, mu ninka da 3, mu raba da 7, mu riƙe saura, mu sake yi da sauran. Za mu sami 3, 2, 6, 4, 5, 1: duka shida sun fito kafin a maimaita. Mu gwada da 8 a maimakon 7: sai 3, 1, 3, 1 kawai. Marar rabuwa ce ke ba da cikakken zagaye. A 1988 Park da Miller su ka ba da shawara a riƙa ninkawa da 16,807, ana rabawa da M31. Da haka lamba 2,147,483,646 za su fito kafin guda ta komo. An yi aiki da wannan hanya a wurare da yawa, dukanta kuwa tana tsaye a kan abin da tsohon nan ya tabbatar a 1772.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Cataldi da Mersenne sun faɗi gaskiya a kan M31, amma ba wanda ya iya gini a kan maganarsu sai da Euler ya bi masu rabawa har ƙarshe. A lissafi ba a karɓar magana domin girman mai faɗarta, ko domin ta yi daidai sau huɗu. Malamai su koya wa yara wannan tun suna aji na ƙasa: in sun ba da amsa, a tambaye su ta yaya su ka sani.

TAMBAYOYI

1. Cikin 51, 57, 61 da 91, wace ce marar rabuwa? Ku nuna masu raba sauran.
2. Ku nemi M9. Ku kasa kwanakin uku uku, ku nuna 7 tana raba ta.
3. Ku rubuta masu raba 496 duka tara, ban da ita kanta, ku tara su.
4. M13 ita ce 8,191, 91 sau 91 kuwa ya wuce ta. Ku bi matakan Euler uku. Lamba nawa su ka rage a gwada? Ku raba ku ga saura.
5. Me ya sa ba a karɓi maganar Mersenne a kan M31 ba sai a 1772?